Yadda Ake Fitar da Lokacin Wankin Fim ɗin Falle a Zafin Garwa

Minti 13 na wanki aka rubuta a takardar fim ɗin, ni kuwa na bi ta sau da ƙafa. Watan Afrilu ne, ruwan famfo yana saukowa daga tankin da ya wuni a rana. Da na kunna fitila na ɗaga fallen, wanda a jikinsa wurin haske yake fitowa baƙi, sai na tarar sararin sama ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, farar rigar dattijon da na ɗauka kuma ta toshe, ko zare ɗaya na aikin wuyanta ba a gani. Takardar ba ta yi mini ƙarya ba. Minti 13 ɗin na ruwa mai digiri 20 ne, nawa kuwa ya haura 30. Falle huɗu suka salwanta ran nan, a Garwa ta Kamaru, garin da sai ka yi saƙo ta hannun matafiyi kafin kwali ɗaya ya iso ka.

Wannan bayani na mai aiki da babbar kyamarar nan ce mai zuga-zugi, wadda ake lulluɓa da baƙin mayafi kafin a leƙa gilashinta. Fim ɗinta falle-falle yake zuwa: inci 4x5 ko 8x10, ko kuma awon Turai na santimita 9x12 da 13x18, irin wanda mai hoto Seydou Keïta ya yi suna da shi a Bamako. Falalar falle a kan fim ɗin naɗi ita ce kowane hoto yana iya samun nasa lokacin wanki. Wanda aka ɗauka da tsakar rana a kasuwa ba dole ba ne ya shiga ruwa tare da wanda aka ɗauka cikin hazon hunturu a bakin Binuwai.

Kafin a shiga lissafi akwai abu guda da komai ya rataya a kansa. A cikin maganin wanki, wuraren inuwa na hoto suna gama fitowa da wuri, daga nan sai su kusan tsayawa cik. Wuraren haske su ne suke ta ƙara kauri muddin fallen yana cikin ruwa, kamar ƙyallen da aka bari a karofi. Saboda haka abin da za ka gani a cikin inuwa tun lokacin ɗauka aka yanke shi, da yawan hasken da ka bari ya shiga. Abin da za ka gani a cikin fari kuwa agogon wanki ne yake yanke shi. Masu hoto Ansel Adams da Fred Archer sun tsara wannan a Amurka wajen 1940, kuma har yau a kansa masu falle suke tafiya. Idan inuwa ta fito fayau babu komai, kada ka ƙara minti, ba zai dawo da abin da bai shiga ba.

Mataki na 1: ɗaure fim ɗaya da magani ɗaya

Ka zaɓi fim guda da magani guda, ka zauna a kansu har kwali ya ƙare. Misalina a nan HP5 Plus ne na kamfanin Ilford da ke Ingila, mai saurin 400, wato lambar ƙarfin jin haskensa, da maganin ID-11, wanda kusan tagwaye suke da D-76 na Kodak da ya fito tun 1927. Gari ne ake kwaɓawa da ruwan ɗumi, shi ya sa ya fi sauƙin shigowa a jakar matafiyi, babu fargabar kwalba ta fashe a hanyar Ngawundare. Rodinal, wanda yake kasuwa tun 1891, ruwa ne mai ƙarfi da ake ɗiba kaɗan-kaɗan da sirinji, yana kuma daɗewa bai lalace ba, amma yana fito da tsakin fim, wato ɗige-ɗigen da ke cikin hoto. A falle mai faɗi wannan ba abin damuwa ba ne sosai.

Ga abin da Ilford ta bayar a digiri 20, a tankin wankin fim mai murfi da ake juyawa jefi-jefi. HP5 Plus a ID-11 tsantsa minti 7 da rabi, a sirki 1+1 minti 13, a 1+3 minti 20. FP4 Plus, mai saurin 125, minti 8 da rabi tsantsa, minti 11 a 1+1, minti 20 a 1+3. Ma'anar 1+1 awo ɗaya na magani da awo ɗaya na ruwa. Wanda aka sirka sau ɗaya ake aiki da shi a zubar, kuma ni na fi son haka, domin kullum da sabon ƙarfi kake farawa, ba ka tunanin ko maganin ya gaji.

Mataki na 2: zaɓi zafin da za ka iya riƙewa

A nan ne mu mutanen Garwa da Marwa da Njamena muka rabu da littattafan Turai. Su matsalarsu ɗumama ruwa ce, mu tamu sanyaya shi. Ka mallaki ma'aunin zafi guda ɗaya, ka riƙe shi shi kaɗai. Ko da yana da kuskuren digiri ɗaya, muddin shi kake amfani da shi kullum, gwajinka zai haɗiye kuskuren.

Shawarata kada ka yi ta kokawa da digiri 20 a bazara. Za ka iya kai ruwan can da ƙanƙara, amma a ɗakin da iskarsa take 35, siririn ruwan da ke cikin tire ba ya minti biyar a inda ka ajiye shi. Yatsunka ma murhu ne, jikin mutum digiri 37 ne. Na zaɓi 24 ne domin ana iya riƙe shi ba tare da wahala ba. Ruwan da ya kwana a randa ya riga ya yi maka rabin aikin, sai ka ƙarasa da ƙullin ƙanƙara ɗaya ko biyu a leda, kada ka fasa ledar a cikin magani domin narkakken ruwan zai canza sirkin. Ka zaunar da tiren magani a cikin babban baho mai ruwa digiri 23 ko 24, shi zai riƙe masa zafin. Lokacin aiki mafi kyau bayan sallar asuba ne, bango ya huce, ga kuma duhu kyauta. A watan Janairu ruwan randa kan sauko kusa da 20 da kansa, wanda yake Ngawundare kuwa, a kan tudu, galibin shekara ba ya buƙatar wannan dogon zance.

Lissafin sauya lokaci ba wuya. Ilford da kanta ta ba da misali: abin da yake minti 4 a digiri 20 yana komawa minti 3 a 23, yana kuma zama minti 6 a 16. Wato kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana cinye kusan kashi 9 cikin 100 na lokacin. Minti 13 namu na HP5 a 1+1 zai zama kusan minti 11 a 22, minti 9 a 24, minti 7 da ɗoriya a 26.

Akwai iyaka a ƙasa. Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi cewa wankin da bai kai minti 5 ba yana iya fitowa dabbare-dabbare, domin maganin bai samu damar jiƙa fallen daidai ko'ina ba. A sararin sama ake fara ganin wannan, sai ka ga gajimaren da Allah bai halitta ba. Duba ID-11 tsantsa a digiri 28: minti 7 da rabi ya koma 3 da rabi. Kuskuren sakan 20 a nan ya kai kashi goma cikin ɗari. Maganin wannan shi ne ƙara sirki. A ƙasa mai zafi 1+1 ne mafari, 1+3 kuma na nan a ajiye.

Sai dai sirki yana da sharaɗi, dole maganin asali ya ishi fim ɗin. Falle huɗu na 4x5 daidai suke da falle ɗaya na 8x10, kuma Kodak ta ce wannan faɗin yana son kusan rabin lita na D-76 a sirkin 1+1, wato kusan kwata na tsantsa. Idan ka koma 1+3, kwatan nan na nan daram, ruwan ne zai ƙaru ya cika lita guda. Wanda ya yi rowar magani zai ga fari ya ƙi yin kauri komai tsawon jira, ya zauna yana zargin agogo.

Sauran ruwayen da fim ke shiga bayan wanki, na tsayar da aikin magani da na kafe hoton da na ɗauraya, su kasance kusa da zafin maganin wanki, kada tazarar ta wuce digiri 5. Fuskar fim jelatin ce, tana kumbura ta yi laushi a zafi. In ka tsamo falle daga 24 ka jefa shi ƙarƙashin famfo mai 33, fuskar na iya tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani, ko ta kwaile a gefe da ɗan taɓin farce.

Mataki na 3: hannunka

Lambobin takarda na tankin da ake juyawa sakan 10 a kowane minti ne. Wanda yake wanki a tire yana jujjuya falle ba tsayawa, ko a bututu mai birgima, ya rage kashi 15 cikin 100, domin sabon magani yana ta zuwa kan fim ɗin. Minti 9 namu ya dawo kusan 7 da rabi ke nan. Wannan ce lambar da za mu shiga gwaji da ita.

A tire, zaro na ƙasa ka ɗora a sama, ka zagaye tarin duka sau ɗaya cikin sakan 30, haka har ƙarshe. Jiƙa fallayen ɗaya bayan ɗaya a ruwa zalla na minti ɗaya ko biyu tukuna, in ba haka ba su manne da juna. Ilford ba ta ba da shawarar jiƙon ba, amma mai tire yana da uzuri. In ka fara jiƙawa, ka riƙa yi kullum. Ka sa safar hannu ta roba, sinadarin metol da ke cikin maganin yana sa wa wasu ƙaiƙayin fata da ba ya saurin barinsu. Fim ɗin nan yana ganin kowane launi, har da ja, saboda haka duhu dunɗum ake so. Ni muryata na naɗa a waya ina ƙirga kowane sakan 30, sai in kifa ta a cikin akwati in rufe.

Mataki na 4: gwajin falle huɗu

Na san zafin fitar da falle huɗu a kan gwaji. Amma na riga na faɗa maka yadda na rasa huɗu ba tare da na koyi komai ba sai haushi.

Nemi wuri mai inuwa da haske tare: ƙofar zaure da ake hango tabarma ko takalma a cikinta, a gefe kuma ka rataye farar riga mai aiki inda haske yake dukanta. Auna inuwar da kake son a ga abin da ke cikinta, ka auna farin da kake son a ga zarensa. Ana son tazarar ta zama mataki 5 na buɗin ido, inda kowane mataki yake ninka hasken ko ya rage shi rabi, misali inuwa ta nuna f/5.6, farin ya nuna f/32 a tsawon lokacin ɗauka iri ɗaya. In ba ta kai ba ko ta wuce, jira rana ta juya, da hantsi ko bayan la'asar aka fi dacewa. Ma'aunin haske kullum so yake ya mayar da abin da ya gani toka-toka, don haka ka ɗauki awon inuwar ka tsuke ido da mataki 2, f/5.6 ya zama f/11. Ɗauki falle uku iri ɗaya sak. Na huɗu kada ya ga haske ko kaɗan.

A ɗakin duhu ka sa duka huɗun a magani tare. Tsamo na farko a minti 6, na biyu da wanda ba a ɗauka ba a minti 7 da rabi, na ƙarshe a minti 9 da rabi. Don kada su rikice maka, yanke ɗan kusurwar na farko da almakashi kafin su shiga ruwa, na ƙarshe kuma kusurwa biyu, na banza, wato wanda ba a ɗauka ba, ka juya tsagar da kamfani ya yi a gefensa ta kalli wani ɓangare. Auna zafin tiren a farko da ƙarshe ka rubuta. In ya fara a 24 ya ƙare a 26, a 25 ka yi wankin.

Kada ka yanke hukunci da ɗaga kilishe, kamar yadda tsofaffin masu hoto na nan suke kiran negatif, kana kallonsa a taga. Ido yana son mai kauri, takarda kuwa ba ta so. Ɗora fallen nan na banza a kan takardar hoto mai lamba 2, wato mai matsakaicin bambanci tsakanin baƙi da fari, danne da gilashi, ka ba ta haske kashi-kashi, sakan 2, 4, 6, 8, kana jan kwali. Nemo lokaci mafi ƙanƙanta da takardar ta kai iyakar baƙinta. Da wannan lokacin, ba ƙari ba ragi, za ka buga sauran ukun. Bari su bushe kafin ka duba, domin takarda tana ɗan ƙara duhu in ta bushe.

Fara duba cikin zauren. In ba a ganin tabarmar a duka ukun, matsalar ta ɗauka ce: sauke saurin fim a ma'auninka daga 400 zuwa 250 ko 200 ka sake. Masu falle da dama a can suke ƙarewa, ba abin kunya ba ne. In inuwa ta yi, koma kan rigar. Wadda ta fito fari fat ba zare, wankinta ya zarce. Wadda ta yi dishi-dishi kamar an wanke ta da ruwan kogi da damina, wankinta bai kai ba. Wadda take fara amma kana iya ƙirga zaren aikin, ita ce taka. In gaskiyar ta faɗa tsakanin biyu, raba tazarar. Wannan lokaci shi ake kira N, lokacinka na yau da kullum. Mai na'urar auna kaurin negatif zai nemi kusan 0.10 sama da fallen banza a inuwa mafi zurfi, da wajen 1.25 zuwa 1.35 a farin da ke da zare. Wanda zai yi amfani da sikana, na'urar shigar da hoto cikin kwamfuta, ya karkata wajen mai ɗan sirantaka, ta fi iya karanta shi.

Mataki na 5: ranar da rana ta yi yawa, da ranar da ta ɓuya

Yanzu ne falle yake biyan kuɗinsa. Duk hoton da za ka ɗauka, auna inuwa da fari, ƙirga tazarar. Mataki 5, wanki N. Mataki 6, N-1: rage kusan kashi 20 cikin 100, ka kuma ƙara wa ɗaukar sulusi ko rabin mataki, domin gajeren wanki yana ɗan taɓa inuwa. Mataki 4, N+1: ƙara kashi 30 zuwa 40. In N naka minti 7 da rabi ne, N-1 minti 6 ne, N+1 kuma wajen minti 10.

A ƙasarmu N-1 ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Ɗauki mutum baƙi cikin farar shadda da rawani ranar hawan salla a ƙofar fadar Lamiɗo. In ka bi awon rigar, fuska ta nutse. In ka ba fuska hakkinta, ka sa ta mataki ɗaya kawai ƙasa da awon ma'auni, rigar ta haura sama. Ba fuskar haskenta, sannan ka rage wanki ya riƙe rigar. Haka tulin auduga a filin awo, da mai ɗauka yana tsaye a gefensa. In tazarar ta kai mataki 7, N-2 a sirkin 1+1 zai faɗa ƙasa da minti 5, sai ka koma 1+3. A can minti 20 na takarda ya zama kusan 11 da rabi a tire mai digiri 24, kana da filin ragewa ba tare da ka taɓa iyaka ba. Wannan sirkin yana son nasa ɗan gwajin, falle biyu sun isa.

Hunturu kuwa akasin haka yake. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana cika sama, inuwa ta yi laushi, duwatsun Rumsiki ko gadar Binuwai su zama toka a kan toka. Tazarar takan sauko mataki 3 ko 4. N+1 ne zai ba hoton ƙashi. Amma wani lokaci hazon shi ne hoton, sai in bar shi a N in ga kwalekwale yana narkewa cikin fari.

Doguwar ɗauka ma tana shafar wanki. Da an wuce sakan ɗaya fim yana rage jin haske, kuma inuwa ta fi shan wahala, sai tazarar ta buɗe. A lissafin Ilford, sakan 10 na ma'auni yana zama kusan 20 a HP5 Plus, kusan 18 a FP4 Plus. Hoton cikin masallaci ko ɗakin soro da ya kai irin wannan tsawo, ka rage masa wanki da kashi 10 ko fiye.

Duk wannan banza ne in ka isa gida ba ka san wane falle ne wane ba. Lamba a jikin kowane gidan fim, wato ma'ajin falle biyu da ake zurawa a bayan kyamara, ɗan littafi a aljihu, kwalaye uku na ajiya da aka rubuta wa N da N-1 da N+1. Hoton da ba zai maimaitu ba, ka ɗauke shi sau biyu, gaba da bayan gidan fim. Wanke na farko, duba, sannan ka gyara lokacin na biyu.

Abubuwan da ke sa lambar ta goce

Fim ɗin da ya sha zafi a ajiya yana yin hazo, fallen banza ya fito toka maimakon garau. Firiji ne wurinsa, cikin leda mai rufi, kuma in ka fito da shi bari ya huce awa biyu ko uku kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta a kansa. In wuta ta saba ɗaukewa a unguwarku, kada ka riƙa buɗe firijin, ya fi kabad komai lalacewa. Kodak ta ba D-76 tsantsa wata 6 a cikakkiyar kwalba, wata 2 a wadda ta yi rabi, amma a ɗaki mai sanyi ake wannan magana. Ni nakan raba lita ɗaya cikin ƙananan kwalabe huɗu cike har wuya, in jera su a gindin randa inda ƙasa take da laima, in rubuta ranar kwaɓi a jiki. Ruwan rijiya da na famfo ba ɗaya ba ne, in ka sauya ruwa ka sa ido a wankin farko.

Masu gwada fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, domin ya fi sauƙin samu a nan, su sani lambobin sama ba nasu ba ne. Galibinsa fuska biyu gare shi, yana saurin karcewa, yana kuma saurin yin kauri. Sai dai ana iya wanke shi a ƙarƙashin jar fitila marar ƙarfi kana kallon yadda yake fitowa. Fara da Rodinal a sirkin 1+100, shimfiɗa gilashi a gindin tiren don kada ƙasan fallen ya gogu, ka yi masa gwajin zauren nan da farar riga kamar yadda ka yi wa na farko.